Al'ajibin da Ke Zuwa Kowace Shekara

A yawancin ikkilisiyoyi, idan lokacin ba da shaida ya yi, wanda ake tafa wa shi ne wanda ya tsira daga hatsarin mota ko ya tashi daga ciwon da likita ya fid da rai. Da wuya a ga manomi ya miƙe ya ce geronsa ya nuna bana kamar yadda ya nuna bara. Ashe aikin Allah ya daina zama al'ajibi ke nan don kawai yana maimaita shi?

Tafkin Dagona, da ke ƙaramar hukumar Bade tsakanin Nguru da Gashuwa, wuri ne da ya dace a auna wannan tambaya. Damina a wannan yanki ba ta wuce wata uku zuwa huɗu. Duk da haka ruwan da ya sauka a tsaunukan Jos da ƙasar Kano yakan biyo kogin Jama'are da na Haɗeja, ya malala cikin fadamu, ya ba mutane shinkafa da kifi da ciyawar dabbobi. Idan hunturu ya gabato, agwagin daji da wasu tsuntsaye sukan taso daga Turai, su ƙetare hamada, su sauka a nan. Yarima Philip na Ingila ya zo ganinsu a 1989, an kuma sa tafkin cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008. Amma yaron da aka haifa a bakin ruwan bai cika ɗaga kai ya dube su ba.

Masana sun gano cewa tsuntsaye suna gane hanya da rana, da taurari, da maganaɗisun ƙasa. Mai bi ba ya tsoron wannan bayani, domin sanin yadda abu ke aiki bai gaya wa mutum wanda ya tsara shi ba. Annabi Irmiya (8:7) ya kafa hujja da shamuwa, wadda ta san lokacinta, don ya kunyata mutanen da ba su san hukuncin Ubangijinsu ba. Augustin, bishof na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya koyar cewa hannun da ya ciyar da mutum dubu biyar da gurasa biyar, shi ne ke riɓanya ƙwayar hatsi a gona kowace shekara. Mutane suna mamakin na farko ne domin ba safai yake faruwa ba.

Wani zai ce idan kome al'ajibi ne, kalmar ta rasa ma'ana. Yana da gaskiya. Tashin Li'azaru daga kabari dabam yake da zuwan damina: alama ce ta musamman da ke nuna ko wane ne Yesu Almasihu. Sai dai Mai aikata su ɗaya ne. Isra'ilawa sun ci manna shekara arba'in a jeji, kuma tun tafiya ba ta yi nisa ba suka fara gunaguni a kanta. Mannar ba ta sauya ba, idonsu ne ya saba.

Wannan magana tana da nauyi a Gashuwa, inda ciwon ƙoda ya daɗe yana cin rayuka. Iyalin da suka ɗauka cewa Allah yana aiki ne kawai ta warkarwa nan take, su ne masu sayar da mai da ruwan addu'a ke samu da sauƙi. Sukan ƙarar da kuɗin asibiti a hannunsu, in mara lafiyar ya rasu kuma a ce musu bangaskiyarsu ce ta gaza. Roƙon warkarwa daidai ne, Yakubu 5:14 ya umarta a yi shi. Amma Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya, aka ba shi alheri a maimakon haka. Likitan da ya gano cutar da wuri, da maƙwabci Musulmi da ya ba da jini, da matan zumunta da suka kwana a bakin gado, duk amsar addu'a ce.

Wanda ya gane kyauta kuma ya ɗauki amana. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke ciyar da fadamun ta ragu, kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Ba ya kyautu mutum ya yi godiya ran Lahadi, ran Litinin ya kama kifi ƙanana ko ya sare itatuwan bakin tafki.

Saboda haka, a sujadar iyali ta yamma, yana da kyau uba ko uwa su tambayi kowane yaro abu guda da Allah ya yi yau. Yaron da ya koyi gode wa Allah saboda tuwo da ruwan sha ba zai zama abincin masu cinikin al'ajibi ba idan ya girma.