Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

Ya kai mai karatu, ka taɓa lura cewa baƙo ba ya iya cin amanarka? Sai wanda ka damƙa wa ita da hannunka.

A wasan kwaikwayon da Shakespeare ya rubuta wajen 1606, Sarki Lear ya raba wa 'ya'yansa mata ƙasarsa gwargwadon zaƙin bakinsu. Cordelia ta ƙi yi masa daɗin baki, ya kore ta. Goneril da Regan suka yabe shi, suka karɓe komai, sannan aka rufe masa ƙofa cikin hadari. A ƙarshe uban da 'ya'yan uku duka suka mutu.

Yanzu dubi Narayi. Bayan rikicin Kaduna na 2000, iyalai da yawa sun ƙetaro kogi sun zauna kudancin gari, filaye suka yi tsada. Sai ka ji babban wa ya sayar da filin gado a ɓoye, ƙannensa ba su sani ba. Kuɗin za su ƙare, amma da wuya su sake cin abincin Kirsimeti a kwano ɗaya.

Yahuza ma na gida ne. Da sumba ya ba da Ubangijinsa saboda azurfa 30, kuma bai more su ba.

Kafin ka zargi kowa, tambayi kanka: amanar wa ke hannunka? Takardar filin marayu, kuɗin adashin zumuntar mata, ko asirin aboki? In ka riga ka taɓa ta, je ka gyara tun rana ba ta faɗi ba.