Wa Ya Cancanci Riƙon Makarantar Talaka?

A watan Satumba na 2019 Gwamnan Jihar Kaduna na wancan lokaci, Malam Nasir El-Rufa'i, ya sa ɗansa a wata makarantar firamare ta gwamnati, jama'a suka yi ta yabo. Kafin a cika shekara biyu ya cire shi, bisa dalilin cewa 'yan bindiga na neman sace yaron. Ban ga laifinsa ba, domin babu uban da zai ji haka ya naɗe hannu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sauran yaran ajin, waɗanda iyayensu ba su da wata makarantar da za su mayar da su.

Mutane da yawa suna ganin maganin lalacewar makarantun gwamnati shi ne a tilasta wa masu mulki su kai 'ya'yansu ciki. Ni ban gamsu ba. Yaro ba kayan jingina ba ne da za a riƙe don ubansa ya yi adalci. Ko da an yi dokar ma, makarantar da ɗan kwamishina yake ciki za a gyara, a bar ta ƙauye da rufinta a yaye.

Tambayar da ta fi nauyi a wurina ita ce: mai riƙe da makarantar, wa yake tsoro? Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta keɓe kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ilimin matakin farko, ta kuma tanadi hukumar SUBEB a kowace jiha. Jiha ba ta karɓar babban kasonta daga UBEC sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta, kuma an sha ganin jihohi sun bar kuɗinsu kwance a Abuja shekara da shekaru, alhali yara na zaune a ƙasa. Gwamna ne ke naɗa shugaban SUBEB, don haka idon shugaban yana kan gidan gwamnati. Manomin da 'yarsa ta yi shekara shida ba ta iya haɗa baƙi ba, ba shi da hanyar da zai tsayar da wannan shugaba ya tambaye shi dalili.

Akwai kwamitocin kula da makarantu da ake sa iyaye a ciki, gaskiya ne. Sai dai an fi tuna su ranar da ake neman gudunmawar alli ko kwanon rufi.

Za a ce mini iyayen da ba su yi boko ba ba za su iya auna aikin malami ba, kuma a Amurka, inda jama'ar gunduma ke zaɓen wakilan hukumar makarantu, unguwar masu hali ta fi ta talakawa makaranta mai kyau, saboda harajin gidaje na cikin abin da ake tafiyar da su da shi. Na yarda zaɓe ba ya haifar da kuɗi. Amma uwar da ba ta san manhaja ba ta san ranar da malami bai zo ba, ta san ɗakin da ruwa ke zuba. A ganina, duk wanda ba shi da halin cire ɗansa ya fi kowa haƙƙin zama a teburin da ake yanke hukunci, a karanta masa nawa aka ware wa makarantar garinsu, wane ɗan kwangila ya karɓa, kuma a nemi sa hannunsa kafin a biya ɗan kwangilar cikon kuɗinsa.