Me Za Mu Yi da Rayuwarmu ta Dā?

Manya da suka karɓi baftisma a nan Sabon Garin Sakkwato sukan kira shekarunsu na baya duhu kawai. Ba mu yarda da wannan gaba ɗaya ba. Waliyyi Agustin, wanda aka yi wa baftisma a Milan a shekarar 387, ya yi nadamar zunubansa ƙwarai, amma da ya waiwaya sai ya tarar Allah yana biye da shi tun bai san Shi ba. Uwar da ta koya mana gaskiya da karɓar baƙo kafin mu ji Bishara, ashe duhu ta koya mana? Saboda haka muna roƙon sababbin masu bi kada su yanke zuwa suna da ta'aziyya a gidajen danginsu, ko da an karɓe su da sanyin fuska.