Tiyar aro: me ake aunawa idan aka ce mai taɓin hankali ya koma aiki?

Duk wanda ya saba sayen hatsi a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram ya san tiya biyu suna iya kama da juna a ido, alhali cikinsu ya bambanta. Akwai wadda aka ɗan buga wa gindi ya shige ciki. Irin wannan tiya ba ta saɓa wa kanta: in an auna da ita yau, an sake aunawa gobe, awo ɗaya za ta bayar. Tana tsaye kan magana guda, sai dai maganar ce ba gaskiya ba. Wannan bambanci, tsakanin ma'aunin da ba ya canza magana da ma'aunin da ke faɗin gaskiya, shi ne tushen wata tambaya da ke damun masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa: yaushe ya halatta a ɗauko takardar tambayoyi da aka tsara a wata ƙasa, a fassara ta, a auna da ita yadda babban mutum mai taɓin hankali yake iya aiki?

Bukatar awon kanta ba abin musu ba ce. Tun da aka fara amfani da maganin kulorforomazin a 1952, likitoci suka samu hanyar kwantar da wanda hankalinsa ya tashi. Amma wannan magani da ƴan uwansa sukan bar mutum da nauyin jiki, da yawan barci, wani lokaci da rawar hannu. Likita ya duba, ya ga muryoyin da maras lafiya ke ji sun yi shiru, ya rubuta cewa an samu sauƙi. Uwar yaron kuwa tambayarta daban: ya fara fita gona? Yana iya tsare awaki? In an aike shi kasuwa yana dawowa da canji daidai? Tambayarta ta fi ta likita kusa da rayuwa, shi ya sa masana suka nemi hanyar mayar da ita lissafi.

Biyu daga cikin ma'aunan da suka yi suna sun isa misali. Na farko hira ce da aka tsara a jami'ar Ilinoi ta birnin Shikago a 1991, ƙarƙashin jagorancin Gary Kielhofner da abokan aikinsa, don a gane abin da ke taimaka wa ma'aikaci ya koma bakin aiki da abin da ke hana shi. An fara ta ne da waɗanda suka ji rauni a jiki, daga baya aka kai ta ga masu ciwon ƙwaƙwalwa, aka kuma fassara ta zuwa harsuna kamar na Swidin da na Aisilan. Na biyu shi ne WHODAS 2.0 na Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, wanda littafin jagorarsa ya fito a 2010. Tambayoyi 36 ne, akwai kuma gajere mai 12. Ana tambayar mutum irin wahalar da ya sha a cikin kwana 30 da suka wuce wajen fahimta, da tafiya, da kula da kansa, da zama da mutane, da ayyukan gida da na sana'a, da shiga harkokin jama'a. Yana zaɓar amsa ɗaya cikin biyar, daga babu wahala har zuwa ba ya iyawa sam.

Hanyar fassara irin waɗannan takardu tana da ƙa'ida, kuma yawancinta daga wani rubutu na Richard Brislin na 1970 ta samo asali. Wani ya juya takardar zuwa sabon harshe. Wani daban, wanda bai ga ta asali ba, ya mayar da ita harshen farko. Sai kwamiti ya zauna ya kwatanta. Daga nan a gwada ta kan mutane kaɗan, a ji yadda suka fahimci kowace tambaya, sannan a kai ta ga ɗaruruwa, a yi lissafi. Aiki ne na tsanaki, kuma yana kama kurakurai da yawa. Abin da ba ya kamawa shi ne kalmar da ta tafi lafiya ta dawo lafiya, amma a can inda ta sauka wani abu daban take nufi. Kama da wane, in ji Hausawa, ba ta wane.

Kalmar «aiki» ita ce babban misali. Mai fassara ba zai yi minti guda yana tunani a kanta ba, mai mayarwa kuma zai dawo da ita daidai. To amma a ɗauki manomin da ke noma gona uku a karkarar Tasawa, a zaunar da shi gaban wani mai farar riga da alƙalami, a ce masa: «Malam, kana aiki?» Sau da yawa amsarsa ita ce ba ya da aiki, noma kawai yake yi. A wannan ɗaki, a gaban wannan alƙalami, aiki na mai albashi ne. Ita takardar OMS ta tanadi sana'ar kai da aikin da ba a biya, amma tambayoyinta huɗu na aiki ana tsallake su ne ga wanda ba ya aiki kuma ba ya makaranta. In mai tambaya ya karɓi amsar farko ya wuce, an rufe ƙofar da aka zo buɗewa, kuma babu wani lissafi da zai nuna an rufe ta.

Kwana 30 ɗin ma abin dubawa ne. A ƙasar da ma'aikata ke buɗe daga Litinin zuwa Juma'a duk shekara, kowane wata kamar ɗan uwansa yake. A kudancin Nijar kuwa shekarar manomi ba shimfiɗe take ba. Wanda aka tambaya a watan Maris, rumbu a rufe, gona a bushe, zai ce bai sha wata wahala ba wajen kammala aikinsa, kuma gaskiya ya faɗa. Shi ɗin dai, in aka tambaye shi a watan Yuli, lokacin noman farko, sa'ad da ciyawa ba ta jiran kowa, zai ce hauya ta gagare shi tun kafin hantsi. Mai karanta lambobin a ofis zai ɗauka ciwon ne ya tashi. Damina ce kawai ta zo. In kuwa an fara awon da damina aka rufe shi da rani, sai rahoto ya fito cewa magani ya yi aiki.

Hirar Shikago tana da nata tarko. Tana neman sanin yadda mutum ke kallon shugabansa a wurin aiki, da abokan aikinsa, sannan, a wani layi daban, yadda yake ganin goyon bayan iyalinsa. A gandu waɗannan layuka uku mutum ɗaya ne ko biyu: mai ba da umarni shi ne uba ko wa, abokin aiki ƙane ne, kuma su ne dai suka kai shi asibiti, wataƙila ma suna zaune a gefe ana hirar. Akwai kuma tambayar da ke auna ko mutum yana sa ran zai yi nasara in ya koma aiki. Bahaushe mai tarbiyya ba ya bugun ƙirji a kan gobe. Zai ce in Allah ya yarda, ya sunkuyar da kai. Mai tambayar da aka koya wa neman alamar amincewa da kai zai iya rubuta cewa babu ita, alhali ladabi ya gani.

Duk wannan yana iya faruwa lambobi kuma su fito da kyau. Akwai wani lissafi da Lee Cronbach ya shahara da shi tun 1951, wanda ke nuna ko tambayoyin takarda suna tafiya tare. In ya haura 0,7 akan ce madalla. Ana kuma maimaita tambayoyin bayan mako ɗaya ko biyu a ga ko amsa ta tsaya. Tiya mai bugaggen gindi za ta ci waɗannan jarrabawa biyu ba tare da gumi ba. Arthur Kleinman, likitan ƙwaƙwalwa kuma masanin al'adu, ya ja kunne tun 1977 game da ɗaukar rukunin da aka gina a wata al'umma a ɗora wa wata: mai nema zai samu abin da ya zo nema, ya rasa abin da bai san da shi ba.

Wasu sun bi ta wata hanya. A 2002 Paul Bolton da Alice Tang suka bayyana aikin da aka yi a karkarar Ruwanda da Yuganda, inda ba a fara da fassara ba. An fara da tambayar mutanen gari su lissafa abin da namiji da mace suke yi kullum don kansu, da iyalinsu, da garinsu, sai aka gina ma'aunin daga abin da suka faɗa. Maimakon kalmomin «kaɗan» da «matsakaici», waɗanda iyakarsu ba ta zama ɗaya a kowane harshe, aka nuna hotunan mutum ɗauke da kaya, kayan suna ƙara nauyi daga hoto zuwa hoto. A Habasha kuma, Kassahun Habtamu da abokan aikinsa suka yi abu biyu a yankin Butajira, kudu da Adis Ababa, tare da masu taɓin hankali mai tsanani da masu jinyarsu. A 2016 suka fitar da ma'auni na gida mai tambayoyi 33 na maza da mata, da ƙarin 8 na mata kaɗai, kan kula da kai, da aiki, da zaman jama'a. A 2017 kuma suka fitar da sakamakon gwajin takardar OMS a harshen Amhara. Ba su zaɓi ɗaya suka yar da ɗaya ba.

Sun yi daidai da ba su yar ba, domin ma'aunin gida ma ba waliyyi ba ne. Lambar da ba a iya kwatanta ta da ta wata ƙasa ba ta da murya a wurin rabon kasafi, kuma lafiyar ƙwaƙwalwa dama ita ce ke zama a layin ƙarshe. Akwai kuma matsalar da ta fi wannan zurfi. In aka tambayi wani ƙauye na Hausa abin da mace mai lafiya take yi, za a ce daka, da ɗebo ruwa, da itace, da girki, da reno. In aka mayar da wannan jeri ma'auni, an rubuta rabon aikin da ake da shi yau an buga masa hatimin likita. Matar da ta daina daka domin ta fara ƙosai tana biyan injin niƙa, lambarta za ta faɗi. Wadda ta koma yin komai shiru, ba ƙorafi, domin tsoron a sake kulle ta a ɗaki, lambarta za ta hau. Malamar makaranta a Tawa ko mai tuƙa kabu-kabu a Yamai kuwa, takardar OMS ta fi jerin ƙauye kusa da rayuwarsu. Ita al'umma tana iya faɗin abin da take bukata daga mutum; ba kullum take iya faɗin abin da shi yake bukata ba.

Nan ne batun ya fita daga hannun masu lissafi. Akwai nau'in takardar OMS da ɗan uwa ke amsawa a madadin maras lafiya, kuma amsoshin biyu ba dole su zo ɗaya ba. Wa ya ce ƙanensa ba ya taɓuka komai. Ƙanen ya ce tun da ya dawo daga asibiti ba wanda ya yarda ya ba shi hauya, ko ya bar masa gamanarsa. Dukansu suna iya zama masu gaskiya. Amma lamba ɗaya ce za ta shiga fayil, kuma da ita za a yanke ko a rage magani, ko a sa shi cikin waɗanda za a bai wa jari, ko a ce bai kai ba tukuna. Wanda aka auna shi ne ya fi kowa rauni a ɗakin: in ya yi gardama da lambar, gardamar tasa ma ana iya lissafa ta cikin ciwo. Mai sayen hatsi yana iya ɗauko tiyar maƙwabci ya gwada. Shi wannan ba ya da wata tiya. Saboda haka nauyin tabbatar da awon duka yana kan mai aunawa, kuma bai sauke shi ba don kawai fassara ta tafi ta dawo daidai.

Gwajin da ya fi ƙarfi shi ne wanda ya fi cin lokaci: a auna yau, a jira, a ga ko abin da ma'aunin ya faɗa ya tabbata. A Swidin, Elin Ekbladh da abokan aikinta sun bi sawun mutanen da rashin lafiya ya daɗe da raba su da aiki har shekara biyu bayan an yi musu hirar Shikago, suka tarar cewa tambayar sa ran nasara tana cikin waɗanda suka fi nuna wanda zai koma. Watau layin da ya fi amfani a can shi ne wanda ladabin Bahaushe ya fi iya ruɗawa. Can kuma komawa aiki abu ne mai rana da takarda, ana iya duba shi a rajista. A karkarar Maraɗi ba rajistar da ke rubuta ranar da mutum ya sake ɗaukar hauya. Sai wani ya koma garin da damina, ya sake komawa da kaka, ya tambayi mai gida, ya tambayi mutumin shi kaɗai ba a gaban wansa ba, ya je gonar ya duba ko an yi maimai, ya ƙirga dammunan da suka shiga rumbu.