Ɗan Tayin Kwalba Mai Tangarɗa: Hukuncinsa Da Haƙurin Iyayensa

Tun ranar 25 ga Yuli, 1978, da aka haifi Louise Brown a garin Oldham na ƙasar Ingila, watau jaririya ta farko da aka haɗa ƙwanta a wajen ciki, malaman Musulunci suka shiga binciken wannan al'amari. A shekarar 1980 Muftin Masar, Shaihu Jadul Haƙƙ, ya ba da fatawa cewa ya halatta, muddin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma igiyar aure tana nan. Yau ana yin wannan aiki a asibitocin Legas da Abuja, ana kuwa kashe miliyoyin naira a kansa.

To, sai ga wata mas'ala mai nauyi ta taso. Mace ta haura shekara 40, ta jure allurai, an cire mata ƙwai an haɗa da na mijinta, sa'an nan likita ya ce an gwada 'yan tayin, duk suna da tangarɗa a halitta, ba ya ba da shawarar a mayar da ko ɗaya cikin mahaifa. Tambayar da ke hana irin wannan mata barci ita ce: in ta bar su, ta kashe rai ke nan?

Kafin hukunci, ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake. A cikin ƙwayar halittar ɗan Adam akwai wasu zaruruwa na gado guda 46, waɗanda likitoci ke kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Mace kuwa da ƙwayayenta ake haihuwarta, suna tsufa tare da ita, saboda haka in shekaru suka ja, rabon zaruruwan nan yakan karkace, ɗaya ya ƙaru ko ya ragu. A wajen shekara 40 fiye da rabin 'yan tayin da aka gwada sukan fito da wannan tangarɗa, a shekara 44 kuwa sukan wuce takwas cikin goma. Mafi yawansu ba sa kama mahaifa, ko kuwa su kama su zube, domin kusan rabin ɓarin da mata ke yi a farkon ciki daga nan yake. Kaɗan ne ake haifa da rai, kamar mai ƙarin zare na 21, watau lalurar da ake kira Down.

Game da hukunci, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a watan Maris, 1990, ta yanke cewa kada a haɗa ƙwai fiye da bukata, in kuma an sami ragowa, a bar ta ba tare da kulawar likita ba har ta ƙare da kanta, kuma haramun ne a dasa ta a cikin wata mace. Tushen wannan shi ne hadisin Ibnu Mas'udu, na huɗu a cikin Arba'una, wanda malamai suka fahimci cewa ana busa rai ne bayan kwana 120. Ɗan tayin da ake magana a kansa kwana biyar ko shida gare shi, bai ma taɓa mahaifa ba. Gaskiya ne Malikiyya sun tsananta, har Shaihu Dardiri ya hana fitar da abin da ya zauna a mahaifa ko da bai kai kwana 40 ba, amma fa maganarsa a kan abin da ya riga ya zauna ne. Saboda haka matar da ta bi shawarar amintaccen likita ta ƙi a dasa mata irin wannan ɗan tayi ba ta kashe rai ba, babu diyya a kanta, babu kaffara.

Sai dai halaccin yana da iyaka ta fuska biyu. Ta farko, ba hujja ba ce ta raina wanda aka haifa da naƙasa. Yaro mai lalurar Down mutum ne cikakke, yana da gado, yana da haƙƙin ciyarwa da tarbiyya, kuma iyayen da suka riƙe shi da daraja ladansu yana wurin Allah. Ta biyu, in ciki ya riga ya zauna, hukunci ya sāke. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka, a cikin 1990 ɗin nan, ba ta yarda a zubar da ciki saboda naƙasa ba sai kafin kwana 120, sai kuma taron ƙwararrun likitoci sun tabbatar naƙasar mai tsanani ce wadda ba ta da magani, kuma iyayen ne suka nema.

Har wa yau, gwajin likita ba sanin gaibu ba ne. 'Yan ƙwayoyi kaɗan ake tsinka daga ɓangaren da zai zama mabiyiya, wani ɗan tayin kuwa gauraye yake, wasu ƙwayoyinsa lafiyayyu, wasu masu tangarɗa. A shekarar 2015 likitoci a birnin Rum suka ba da labarin lafiyayyun jarirai da aka haifa daga irin waɗannan gaurayayyun. Don haka wajibi ne miji da mata su tambayi likita filla-filla wace irin tangarɗa aka gani, su yi istihara, sa'an nan su yanke shawara tare, ba cikin ruɗewa ba.

A irin wannan lokaci ne akan ce wa mace ta karɓi ƙwan wata yarinya mai ƙuruciya. Majalisar Ƙasashen Musulmi ta riga ta haramta wannan a zamanta na Amman a 1986, domin yana cakuɗa nasaba. Neman magani halas ne, a sake gwadawa in da hali da lafiya, amma kada a sayar da gida da gona, a jefa iyali cikin bashi, kan abin da likita ya ce da wuya.

Saura maganar zuciya, wadda ta fi duka nauyi. Baƙin cikin wannan mata na gaskiya ne, ko da ba a yi jana'iza ba, ba a yi zaman makoki ba, kuma hawaye ba ya ɓata haƙuri. Abin takaici shi ne yadda wasu dangin miji sukan bi ta da gori, suna kiranta juya, alhali kuwa tsufan ƙwai ba zunubi ba ne, ba kuma aikin hannunta ba ne. Suratush Shura, aya ta 49 da ta 50, ta lissafa rashin haihuwa a cikin rabon Ubangiji tare da samun 'ya'ya maza da mata. Annabi Zakariyya ya roƙa cikin tsufa aka ba shi Yahaya. Nana A'isha kuwa, duk da matsayinta, ba ta haihu ba, da ɗan 'yar'uwarta Abdullahi ɗan Zubairu aka yi mata alkunya, ga shi kuwa al'umma duka tana kiranta uwa. Mai addu'a ya riƙe labarin nan biyu tare, kada ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya.

Lalle ne miji ya zama garkuwar matarsa, ya rufa mata asiri, kada ya kai sakamakon asibiti zauren abokai ko ɗakin mahaifiyarsa. In kuwa ƙofar haihuwa ta rufu, ta riƙon maraya a buɗe take, a rene shi da sunan ubansa kamar yadda Suratul Ahzab ta umurta. Hausawa sun ce wani hanin ga Allah baiwa ne. Allah Ya ba masu nema zuriya tagari, Ya sanyaya zukatan waɗanda Ya jarraba, amin.