Sauron da Aka Sāke wa Halitta: Wa Ke da Ikon Ba da Izini?

Babu gidan da bai ɗanɗana zazzaɓin cizon sauro ba. A 2023 kaɗai ya kashe mutane kusan 600,000 a duniya, akasarinsu ƙananan yaran Afirka.

Yanzu masana suna yaƙar sauro da sauro. A birnin Yogyakarta na Indonesiya an saki sauro mai ɗauke da ƙwayar Wolbachia, wadda ke hana cutar dengi yaɗuwa ta jikinsa. Rahoton 2021 ya nuna kamuwa ta ragu da kashi 77 cikin 100. A ƙauyen Bana na Burkina Faso kuwa, a 2019 aka saki mazan sauro da aka sāke wa halitta don kada su hayayyafa.

Wasu na cewa shisshigi ne cikin aikin Mahalicci. Ban yarda ba. Mun daɗe muna kashe sauro da feshi da hayaƙi, ba wanda ya ce zunubi ne, kuma hankalin da ya gano wannan dabara baiwa ce.

Abin da ke damuna shi ne izini. Uwa na iya ƙin allura, amma ba ta iya ƙin sauron da ya tsallako katanga. Wolbachia kuma gādonta ake yi daga uwar sauro zuwa 'ya'yanta. In ta bazu, da wuya a janye ta. Dagaci ya amince, to, ƙauyen da ke maƙwabtaka fa?

A Agustan 2025 gwamnatin Burkina Faso ta dakatar da aikin. Wannan hukuncin ma a kan yara zai sauka, su da ba su isa a tambaye su ba.