Bin Bashi da Iyakar Adalci: Darasi Daga Rayuwar Poincaré

Hausawa kan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. To, amma shin duk wanda ya tsaya a kan haƙƙinsa ya yi adalci ke nan? Rayuwar siyasar Raymond Poincaré na ƙasar Faransa za ta taimaka wajen warware wannan tambaya.

Poincaré lauya ne, ɗan ra'ayin riƙau, wanda aka shaida da riƙon amana. An haife shi a 1860 a yankin Lorraine, yana ɗan shekara goma sojojin Jamusawa suka mamaye yankinsu. Shi ne Shugaban Faransa daga 1913 zuwa 1920, wato a hannunsa ƙasar ta ga bala'in Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da ya zama Firayim Minista a 1922, babu abin da ya sa a gaba sai diyyar yaƙi da aka ɗora wa Jamus, wadda a 1921 aka yanke ta a kan mak biliyan 132 na zinariya. Da Jamus ta gaza kawo katako da kwal a kan lokaci, sai ya tura sojoji tare da Beljiyam suka mamaye yankin Ruhr a Janairun 1923.

A shari'ance yana da hujja, domin an ragargaza arewacin Faransa, kuma akwai yarjejeniya a rubuce. Amma wa ya ɗanɗana kuɗar? Ma'aikata 13 aka harbe a masana'antar Krupp da ke Essen. Gwamnatin Jamus ta yi ta buga takardun kuɗi don ciyar da masu yajin aiki, har a Nuwambar shekarar dala ɗaya ta kai mak tiriliyan 4.2. Tanadin talaka ya zama toka, kuma a wannan wata ne Hitler ya yi yunƙurin juyin mulki a Munich.

Abin lura shi ne, bayan ya sauka a 1924, an sake kiransa a 1926 don ya ceto kuɗin Faransa, wato faran. A 1928 ya tsayar da darajarsa a kan kashi ɗaya cikin biyar na yadda take kafin yaƙi. Ma'ana, Faransawan da suka ranta wa gwamnatinsu kuɗi sun yi asarar kashi huɗu. A nan ya yarda cewa bashin da ya fi ƙarfin mai biya tilas a sassauta shi. Hikimar da ya yi amfani da ita a gida, ita ce ya hana maƙwabcinsa.

Saboda haka, haƙƙi daban, adalci daban. Mai bin bashi yana da ikon nema, amma adalci ya wajabta masa ya dubi wanda zai biya da kuma abin da biyan zai haifar. Mudun da mutum ya auna wa kansa, da shi ya kamata ya auna wa abokin gabarsa.